Wane kwas za ta karanta kafin makarantar mataimakin likita ta Amurka?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Ta gama sakandare a nan Katsina, sakamakonta na WAEC ya yi kyau a bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi da Turanci. Burinta ta zama abin da Amurkawa ke kira PA, wato mataimakin likita, wanda ke duba marar lafiya, ya tura shi gwaji, ya rubuta mashi magani tare da kulawar likita. An ce mana sai an yi digirin farko tukuna kafin a shiga makarantar.

Inda kawuna suka rabu a gida shi ne kwas ɗin. Baba ya ce bayokemistiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, tunda gida ne kuma kimiyya ce zalla. Yayarmu ta ce aikin jinya a Zariya ko Kano. Ita yarinyar ranta ya fi kwantawa da ilimin halayyar ɗan Adam, amma tana tsoron kada a ce ba kimiyya ba ne a ƙi ta. Ga kuma kawunmu da ke zaune a Amurka, ya ce ta tafi can ta fara daga tushe. Don Allah masana, akwai kwas ɗin da makarantun suka fi so? In ta yi digirin a nan za a karɓa?

Malamin Anatomi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu kwas ɗin da aka wajabta. Makarantar PA digiri na biyu ce, ana yin ta kamar wata 24 zuwa 27, kuma abin da take buƙata shi ne digirin farko ko na mene ne, sannan a nuna an ci wasu darussa da ita ta lissafa. Wanda ya karanta tarihi ya haɗa da darussan nan da maki mai kyau yana gaban mai digirin bayokemistiri da ya tsallake da ƙyar. Saboda haka a bar gardama kan sunan da za a buga a takardar digiri, a ɗauko jerin darussan sharaɗi a auna kowane kwas da shi.

Jerin yakan ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ginshiƙansa ba sa sauyawa: anatomi da fisiyoloji na ɗan Adam zango biyu tare da firaktikal, yawanci yunit 8, maikirobayoloji tare da firaktikal, kemistiri na gama-gari zango biyu, kemistirin oganik ko bayokemistiri, wasu ma duka biyun, ƙididdiga, ilimin halayyar ɗan Adam, sai ɗan gajeren darasin kalmomin likitanci. Wasu na ƙara ilimin gadon halitta da bayoloji na gama-gari. Galibi ba a karɓar ƙasa da C a kowanne, wasu kuma sai B.

To ka ɗora shawarar Baba a kan wannan jeri. Digirin bayokemistiri zai cika ɓangaren kemistiri har ya yi yawa, amma anatomin ɗan Adam da ilimin halayya yawanci ba sa cikin manhajarsa, kuma a jami'o'inmu ɗalibi ba ya da ikon tsallakawa wata tsangaya ya ɗauki abin da ya ga dama. Manhaja a shimfiɗe take tun daga aji ɗaya har aji huɗu. A Amurka ba haka ba ne. Digiri yunit 120 ne, kwas ɗin da ka zaɓa yakan ci kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, sauran kai ke cikewa. Shi ya sa a can mai karanta ilimin halayya zai iya cusa darussan sharaɗi duka a cikin shekara huɗunsa, a nan kuwa ba zai iya ba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi kayar da mutane, maki ne. Mafi yawan makarantun suna karɓar takardu ta wata kafa guda mai suna CASPA, ita ke lissafa matsakaicin maki da kanta a kan ma'aunin 4.0, ta fitar da na duka darussa daban, na kimiyya daban. Ƙa'idar da aka fi gani ita ce 3.0 mafi ƙaranci, amma waɗanda ake ɗauka a zahiri suna wajen 3.5 zuwa 3.6. Kuma CASPA ba ta yafe faɗuwa. In ɗaliba ta samu D a kemistirin oganik ta sake shi ta samu A, ko da jami'arta ta goge na farkon, CASPA za ta ƙirga duka biyun, darasin ya tsaya a 2.5. Ka yi wannan lissafin ka gani: wadda ta gama shekara biyun farko, yunit 60, da 2.8, ko da ta riƙe 3.7 a sauran yunit 60 ɗin, da 3.25 za ta fita. Shekarar farko, wadda yara ke ɗauka ta wasa ce, ita ke yanke hukunci.

Saboda haka ra'ayina, kada a zaɓi kwas don ya burge mutane a wurin biki. Kemistiri zalla ko injiniyancin sinadarai za su jefa ta cikin kalkulas da kemistirin fizikal, darussan da babu makarantar PA da ke tambaya, ga su da zubar da maki, kuma ba a ƙara wa kowa lada don ya sha wahala. Amma kada a koma can ƙasa a tara darussan banza don a kumbura maki. Masu tantancewa suna duba ko ta taɓa ɗaukar kimiyya mai nauyi uku a zango guda ta ci, suna kuma son ganin darussan manyan azuzuwa irin ilimin garkuwar jiki, ilimin magunguna da yadda cuta ke aiki a jiki, domin shekarar farko ta PA duk irin wannan ce a cunkushe. In a can za ta yi, bayoloji mai karkata ga ɗan Adam, ko kimiyyar lafiya, ko ilimin halayyar da take so tare da darussan sharaɗi, duk sun yi.

Malamar Jinya, Daura:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan darussa, amma akwai rabin maganar da bai taɓo ba, kuma shi ne ke sa na goyi bayan yayarku. Wannan sana'a tun asalinta an gina ta ne don waɗanda suka riga suka taɓa majinyaci. A Jami'ar Duke aka fara ta a 1965, Dakta Eugene Stead ya ɗebi tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya horar da su. Har yau makarantun na tambayar awa nawa ka yi kana kula da majinyaci da hannunka. Wasu 500 suke nema, Duke 1,000, wasu har 2,000. Awa 2,000 shekara guda ke nan cur ana aiki awa 40 a mako. Mai yin awa 20 a mako kuma sai ya shekara kafin ya tara 1,000.

Kuma ba kowane aikin asibiti ake ƙirgawa ba. An raba shi gida biyu. Akwai aikin da kai ne ke da alhakin majinyaci: gwada hawan jini da zafin jiki, ɗibar jini, sa ƙarin ruwa, wankin ciwo, ba da magani, juya wanda ba ya iya tashi. Akwai kuma aikin da a asibiti kake amma ba ka taɓa kowa: yankan kati, ajiye fayil, zama a ɗakin gwaji kana duba jini a madubi. Na farkon ake nema. Nan ne mai digirin bayokemistiri ko maikirobayoloji ke maƙalewa, domin ya gama shekara huɗu ba shi da lasisin taɓa majinyaci, in ma an tura shi asibiti hidimar ƙasa, ɗakin gwaji za a kai shi. Haka awowin da ɗalibi ya yi a matsayin firaktikal na makaranta, da yawa ba sa ƙirga su, sai aikin da aka biya ka albashi a kai.

Mai digirin jinya kuwa, shekara biyar ce a Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ko Ɗanfodiyo, sai shekarar koyon aiki, sai hidimar ƙasa. Kafin ta gama waɗannan biyun ta wuce awa 2,000 da nisa, kuma aiki ne mai nauyi da babu wanda zai raina. Anatomi, fisiyoloji, maikirobayoloji, ilimin magunguna da ilimin halayya duk suna cikin manhajarta. Babban abin kuma, in maganar PA ba ta yiwu ba, tana da sana'a a hannu, a gida da waje. Ana ƙin mutane da yawa a zagayen farko, sai sun sake nema shekara mai zuwa, don haka dole a tambayi kai: wannan digirin me zai ciyar da ita a shekarar jira?

Sai dai a kula da tarko ɗaya. A Amurka akwai kemistiri da maikirobayoloji na musamman da ake sauƙaƙa wa ɗaliban jinya, kuma makarantun PA da yawa ba sa karɓarsu, sai irin wanda ɗaliban kimiyya ke yi. In a can ta shiga jinya, ta nemi a bar ta ta ɗauki na 'yan kimiyya tun farko. Sannan a wurin ganawa za a tambaye ta, tunda ke nas ce me ya hana ki bin hanyar babbar nas mai duba marasa lafiya, wadda ita ma ke rubuta magani a can? Ta tanadi amsa ta gaskiya.

Ƙanena, ba ka gaya mana abu mafi muhimmanci ba. Yarinyar tana da takardar zama a Amurka, ko da bizar ɗalibai za ta tafi?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode Malam, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Ba ta da takardar zama. Kawu ne kawai ke da ita, ya ce zai ba ta masauki ya taimaka da wani ɓangare na kuɗin makaranta. Da bizar ɗalibai za ta tafi in an samu. Wannan ya sauya lissafin ne?

Bakatsine a Ohio:

Ya sauya shi sosai, ɗan'uwa, kuma gara ku ji tun yanzu. Kawu ba ya iya nema wa 'yar ɗan'uwansa takardar zama kai tsaye, dokar ta tsaya ne kan mata da miji, 'ya'ya, iyaye da 'yan'uwan da aka haɗa uwa ko uba da su. Najeriya kuma ta daɗe ba ta cikin ƙasashen da ke shiga cacar biza. To bizar ɗalibai ce ke nan, wadda ake kira F-1, ita kuma an ƙara tsananta sharuɗɗan biza ga 'yan Najeriya tun 2025, don haka a duba halin da ake ciki a ofishin jakadanci kafin a biya ko sisi.

Matsalar F-1 ita ce awowin nan da Anti ta ambata. 'Yan ƙasa suna tara su ne cikin sauƙi: su yi kwas ɗin mataimakin nas na 'yan makonni, wanda mafi ƙarancinsa a dokar tarayya awa 75 ne, ko na ma'aikacin motar gaggawa na zango guda, su riƙa aikin dare da ƙarshen mako suna karatu. Mai F-1 ba shi da wannan damar. Aikin cikin harabar makaranta kaɗai aka yarda mashi, awa 20 a mako lokacin karatu. Aikin waje sai ta ƙofa biyu. CPT, izinin aikin horo lokacin karatu, wanda sai ya kasance wani ɓangare ne na manhajar kwas ɗinka, ofishin ɗaliban ƙetare ya sa hannu. Sai OPT, izinin aikin horo na wata 12 bayan kammalawa. Dukansu sharaɗinsu ɗaya: aikin ya dace da kwas ɗin da ka karanta.

Ka ga a nan maganar Malam ta cewa kowane kwas ya yi tana buƙatar gyara. Ga ɗan ƙasa gaskiya ce. Ga mai F-1 kuwa, wadda ta karanta tarihi ba za a ba ta izinin aikin ɗibar jini ba, domin bai dace da karatunta ba. Bayoloji yana da wata riba kuma: yana cikin jerin kwasakwasan kimiyya da ake ƙara wa wata 24 a kan wata 12 na OPT, in mai ɗaukar aikin yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata, kuma ya cike takardar horarwa. Yawancin kwasakwasan da ke ƙarƙashin sana'o'in lafiya ba sa cikin jerin. Kowane kwas yana da lamba a I-20, takardar da makaranta ke ba ɗalibin ƙetare don neman biza, lambar ake dubawa, ba sunan da ke allon tsangaya ba. A tambayi lambar kafin a zaɓa. Kuma a fifita jami'ar da ke da asibitin kanta, domin aikin can yana iya shiga lissafin aikin cikin makaranta.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, ko za a karɓi digirin gida. CASPA ba ta karɓar takardar sakamakon jami'ar Najeriya kai tsaye. Jami'ar za ta aika wa hukumar tantancewa irin WES, a yi tantancewa ta darasi-darasi, ba ta digiri kawai ba, a mayar da makin daga ma'aunin 5.0 zuwa 4.0. Kada mai 3.6 a nan ya zaci 3.6 ce a can. Bayan haka makarantu da yawa za su ce mun yarda kina da digiri, amma darussan sharaɗi sai an yi su a kwalejin Amurka, wasu su haɗa da Kanada. Wato ta sake anatomi da kemistiri a kwalejin al'umma mai shekara biyu, abin da zai ci zango uku zuwa huɗu tunda wasu darussan sai an ci na farko ake shiga na biyu. Wasu makarantun ma ba sa ɗaukar ɗan ƙetare sam, wasu na neman jarrabawar Turanci ta TOEFL ko da da Turanci aka yi karatun, wasu kuma awowin da aka yi a asibitin Amurka kaɗai suke ƙirgawa.

Ga kuma wa'adi. Darussan kimiyya suna tsufa, makarantu da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce shekara 5 zuwa 10. Anatomin da aka yi a aji biyu a nan, a ƙara sauran shekaru uku, da koyon aiki, da hidimar ƙasa, da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, sai a tarar ya kusa shekara shida kafin a cike fom.

Kuɗi kuwa, a makarantun PA da yawa kuɗin karatu kaɗai yana kusantar dala 100,000 ko ya haura, mai F-1 ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, kuma karatun ba ya barin a haɗa shi da aiki. Kawu ya san da wannan adadin kafin ya yi alkawari.

Baba Mai Ritaya, Kankiya:

Yara, ku yi haƙuri da tsoho, tambaya ɗaya gare ni: in ta gama ina za ta zauna? Domin takardar PA ta Amurka ba ta da gurbi a tsarin lafiyar Najeriya. Majalisar likitoci ta ƙasa likita da likitan haƙori take yi wa rajista, majalisar jinya nas da ungozoma. Masu cike wannan gurbi a wurinmu su ne jami'an lafiyar al'umma, irin waɗanda ake horarwa a makarantun fasahar lafiya na Daura da Kankiya, su kuma hukumarsu daban, takardarsu daban. Ghana tana da mataimakan likita masu rajista, Kenya tana da nata da wani suna, mu ba mu da su. Kuma abin ba ya tafiya ta ɗaya ɓangaren ma: ko cikakken likita ne daga nan, ba zai zauna PANCE ba, wato jarrabawar samun shaidar PA, sai ya shiga makarantar da ARC-PA, hukumar tantance makarantun PA, ta amince da ita ya gama.

In akwai yiwuwar aure ko wata lalura ta dawo da ita gida, to a dubi ruwa a dubi tsaki. Yarinya mai wannan sakamako ta gwada likitanci ko jinya a JAMB. Bayokemistiri ne dai ban ga hujjarsa ba a wannan tafiya, da girmamawa ga mahaifinku.

Malamin Anatomi:

Na karɓi gyaran ɗan'uwa na Ohio, ga mai F-1 kwas ɗin yana da tasiri. Bari na ƙara abin da za a yi a aikace kafin a cike fom ɗin JAMB ko na wata jami'ar waje.

A zaɓi makarantun PA goma zuwa goma sha biyar daga jerin ARC-PA, sun haura 300 yanzu, a fara da cire waɗanda ba sa ɗaukar 'yan ƙetare. Ga waɗanda suka rage, a ja layi a takarda: darussan sharaɗi, ko ana karɓar na ƙetare, wa'adin tsufansu, yawan awowi da ko na Najeriya na shiga, ko ana neman jarrabawar shiga irin GRE ko PA-CAT, da ko ana yarda da firaktikal ɗin da aka yi ta intanet, don wasu ba sa yarda. A kuma duba matsayin amincewar makarantar, akwai masu cikakkiya, akwai sababbi masu ta wucin gadi, akwai waɗanda aka ja wa kunne. Abin da bai fito fili a shafinsu ba a tura imel a tambaya, a ajiye amsar.

Akwai kuma wata hanya da ta dace da mai fitowa daga sakandare kai tsaye: shirye-shiryen shekara biyar da ke haɗa digirin farko da na PA, irin na jami'o'in Duquesne da Gannon a jihar Pennsylvania. Kujerar PA na jiran ɗalibi muddin ya riƙe makin da aka gindaya, ba sai ya shiga gasar CASPA ba. Tsada ce matsalarsu, kuma wanda makinsa ya zame sai a cire shi daga layin.

In jinyar gida aka zaɓa, tun ranar farko ta koyon aiki ta buɗe littafi tana rubuta kwanan wata, ɗakin da ta yi aiki, awa nawa, me ta yi da hannunta, da sunan shugabar ɗakin da za a iya tuntuɓa. Ta kuma adana kwafin manhajar kowane darasi mai nuna yunit da awowin firaktikal, domin shi makarantu ke nema in suna shakkar ko anatominta ya kai nasu, kuma samo shi daga tsangaya bayan shekara shida aiki ne ja. CASPA tana buɗewa ne a ƙarshen Afrilu, makarantu da yawa kuma suna cike kujeru tun takardu na shigowa ba sa jiran ranar rufewa, don haka rahoton WES da wasiƙun shaida guda uku su kasance a hannu kafin watan Mayu.